Ragayar Iya: Yadda Na Fara Ɗaukar Hoton Ƙananan Abubuwa a Birnin Kano

Ranar da aka yi sadakar bakwai ta kakata ta wajen uba, wadda duk gidanmu ke kira Iya, mata suka shiga ɗakinta suka fara fito da kaya tsakar gida domin a ƙidaya kafin rabon gado. Ina zaune a zaure tare da masu karɓar gaisuwa, ina jiyo ƙarar kwanuka ana sauke su ɗaya bayan ɗaya. Kafin la'asar an gama. Da na leƙa bayan magariba, sai na tarar ɗakin da na sani tun ina rarrafe ya koma bango huɗu da daɓe. Babu abin da ya rage sai ƙusoshi a jikin bango, da shatin da kabad ya bari, da wata saƙaƙƙiyar igiya da ke reto daga jikin azara, wadda ba wanda ya ga dalilin hawa ya kwance ta.

Na tambayi gwaggona ko igiyar mece ce wannan. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "Kai ɗan nan, ba kai ne aka ce kana karatun Hausa a jami'a ba? Ragaya ce mana." A lokacin ban daɗe da fara digiri na biyu ba, kuma a fannin al'ada. Na san kalmar ragaya sarai. Na taɓa kawo karin maganar nan da ke cewa ƙwarya tagari tana ragaya a amsar jarrabawa, na yi mata sharhi mai tsawo a kan matsayin mace a tunanin Bahaushe, har na sami maki mai kyau. Abin da ban sani ba shi ne, fiye da shekara ashirin ina shiga ɗakin nan ina sunkuyawa don kada kaina ya bugi ragaya. Kalmar tana cikin kaina, abin yana bisa kaina, amma ban taɓa haɗa su ba sai ranar da aka sauke ƙwaryar.

A daren nan na buɗe wayata ina duba hotunan da ke ciki. Akwai dawakin Hawan Daushe da na Hawan Nasarawa bila adadin. Akwai bukukuwan abokai, akwai fuskata a wurare daban-daban. Hoton Iya guda biyu ne kacal, dukkansu na ranar Sallah, tana zaune a kan kujera a bakin ƙofa, an saki labule a bayanta. Ɗakin da ta yi shekara hamsin tana shiryawa ba ya cikin ko ɗaya.

Abin da ke cikin ɗakin

Tun da ba ni da hoton da zan nuna, bari in zayyana abin da na iya tunawa, domin ɗakin tsohuwa a cikin birnin Kano tarihi ne da aka jera bisa jeri. A can sama akwai tasoshi guda uku da Iya ta ce ta gada daga mahaifiyarta. Ƙasa da su akwai kwanukan da aka yi mata jere da su, wato langa da fanteka da kwalla masu zanen furanni, an ɗora ƙarami a kan babba har sun kusa taɓo rufi. Sai samira, sai tangaran da 'ya'yanta suka riƙa kawo mata daga baya, sai kulolin abinci da jikoki suka saya mata, waɗanda ba ta taɓa zuba komai a ciki ba. Wanda ya iya karanta jeren nan zai iya faɗin zamanin da aka yi wa mai ɗakin aure, da lokacin da wadata ta shigo gidan, da lokacin da ta ja baya.

A bayan ƙyaure akwai randa da moɗa. A ƙarƙashin gadon ƙarfe mai rumfa akwai adudu da take ajiye zannuwan da ba ta so a taɓa, da taskira mai ɗauke da mazari da guntun alli, ko da yake ta daina kaɗi tun kafin a haife ni. Akwai zunguru na ƙunshi, da tandun kwalli, da aci-balbal da ta ƙi jefarwa duk da an sa mata lantarki. A ragayar kuwa ƙwaryar furarta take zama, an rufe ta da faifai, nesa da ɓera da kiyashi da hannun jikoki.

Magada sun ɗauki tangaran da kulolin. Kwanukan da fentinsu ya ɓare aka sayar wa 'yan gwangwan, aka auna su a sikeli kamar kowane ƙarfe. Ƙorai kuwa yara suka yi wasa da su har suka farfashe. Ba na zargin kowa, domin haka ake yi a kowane gida, kuma ni kaina da aka tambaye ni ko ina son wani abu, rediyonta na ce a ba ni.

Hoto a idon Bahaushe

Na daɗe ina tambayar kaina dalilin da ya sa ban taɓa ɗaga waya a ɗakin nan ba. Amsar tana cikin wata magana ta Iya. Akwai wasan jika da kaka tsakanina da ita, tana kirana Maigida. Wata rana na same ta tana dama fura, na ce zan ɗauke ta hoto. Sai ta rufe fuska da gefen zani, ta ce, "Haba Maigida, a haka za ka nuna wa duniya matarka? Bari in sake zani." Kafin ta sake zanin, ta ɗaura ɗankwali, ta fito ƙofar ɗaki, furar da ludayin da ragayar duk sun fita daga hoton. Ni ma kuma ban ga an yi asarar komai ba.

Tun da Bahaushe ya aro kalmar hoto, ya haɗa ta da kwalliya da ranar taro. Da can mai hoto ba ya zuwa gida sai da dalili: suna, ko biki, ko Sallah, ko tafiya aikin Hajji. Fim ɗaya hoto 24 ko 36 yake ɗauka, sai an biya kuɗin wanki, sai kuma an jira kwanaki. Abin da ke da tsada haka ba a ɓata shi a kan muciya ko murhu. Har ma harshen ya nuna yadda muka ɗauki abin, domin idan aka ce wani aiki hoto ne kawai, ana nufin ado ne na ganin ido wanda babu gaskiya a cikinsa. Wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, daga baya masu kyamara suka cika hannun mutane, tsadar hoto ta kau. Amma ɗabi'ar ba ta kau ba. Har gobe sai an gyara zama, an kawar da bokiti da tsintsiya, kafin a ce a ɗauka.

Baƙin da suka zo da kyamara a zamanin mulkin mallaka su ma manyan abubuwa suka fi ɗaukar musu ido: ganuwa da ƙofofinta, da fadar sarki, da marinar Ƙofar Mata, da dalar gyaɗa. Shi ya sa yaron da aka haifa shekaru da yawa bayan gushewar dalar gyaɗa ya san kamanninta, alhali da wuya a nuna masa hoton gammon ɗan dakon da ya hau da buhu har ƙololuwarta, ko basillar da aka ɗinke buhun da ita. Abin da ya yi girma yana samun mai ɗaukarsa. Ƙaramin abu kuwa, wanda kowa ke taɓawa kullum, sabo yakan ɓoye shi har ya ɓace ba a lura ba.

Kalma da abin da take nufi

A nan ne nake ganin lamarin ya shafe mu, mu da muka ɗauki nazarin Hausa sana'a. Muna da ƙamusoshi da za mu yi alfahari da su. Bargery ya fitar da nasa a 1934, Abraham ya biyo baya a 1949, Jami'ar Bayero kuma ta fitar da ƙamusun Hausa zuwa Hausa a 2006. Dubban sunayen kayan gida da na sana'a suna kwance a cikinsu. Sai dai ƙamus da kalma yake bayyana kalma. Zai gaya maka cewa ragaya igiya ce da ake rataye ƙwarya a cikinta, amma ba zai nuna maka yadda aka ƙulla gindinta ba, ko nisanta daga ƙasa, ko kusurwar ɗakin da ake rataye ta. Muddin abin yana raye a gidaje, wannan ba matsala ba ce, domin mai karatu yana cike giɓin da idonsa. Ranar da abin ya bar gidaje, bayanin ƙamus sai ya zama kacici-kacici.

Na gwada wannan a lokacin da aka ba ni wasu ɗaliban ajin farko in riƙa yi musu bita a kan karin magana. Na rubuta musu cewa ba a fafe gora ranar tafiya. Kowa ya faɗi ma'anarta daidai, wato a yi shiri tun da wuri. Da na tambayi yadda ake fafe gora, da dalilin da ya sa ba zai yiwu a yi shi da safe a zuba ruwa da rana ba, sai aji ya yi tsit. Mutum biyu ne suka amsa, dukkansu a ƙauye suka tashi. Haka aka yi da akushi a karin maganar da ke gargaɗin ƙwarya ta bi ƙwarya. Wanda bai taɓa ɗaga akushi ya ji nauyin icensa ba, ba zai gane dalilin da ya sa ƙwarya za ta fashe in ta bi shi ba. Ya haddace ma'ana, amma hikimar da ke cikin kwatancen ta wuce shi. Ban yi musu dariya ba, domin na tuna da kaina a ɗakin Iya.

Wani lokaci kuma kalmar ce ke rayuwa, abin ya mutu a ƙarƙashinta. Lefe asalinsa wani saƙaƙƙen kwando ne na kaba da ake zuba kayan aure a ciki. Yau in aka ce an kai lefe, jerin akwatuna masu taya ake nufi, kuma mafi yawan masu kai shi ba su san akwai wani mazubi mai wannan suna ba. A Daidaita Sahu kuwa sunan shirin gyaran tarbiyya ne na zamanin gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau, amma yanzu sunan ya koma kan babur mai ƙafa uku. Mai nazarin ma'ana da zai zo bayan shekara hamsin zai buƙaci ya ga lefe na da da na yanzu gefe da gefe, ya kuma ga yadda adaidaita ta farko take, kafin ya iya bin sawun waɗannan sauye-sauye.

Kada kuma a zaci sai tsofaffin kaya ne ke ɓacewa. Ni ganau ne ga zamanin acaɓa a Kano. Na hau ta zuwa makaranta shekara da shekaru. A watan Janairu na 2013 aka hana ɗaukar fasinja a kan babur a cikin gari, cikin 'yan kwanaki wata duniya guda ta watse: cincirindon 'yan acaɓa a bakin danja, da kwalliyar da suke yi wa tankin mai, da rubuce-rubucen da suke liƙawa a bayan babur, da masu sayar musu da fetur a kwalba. Ba ni da hoton ko ɗaya. Haka kuma rubutun Ajami da aka cire daga ƙananan takardun kuɗi a 2007, aka kuma cire shi daga sabuwar naira ɗari a 2014. Dukkanmu mun riƙe waɗannan takardu a hannu sau dubbai. Mu nawa ne suka ajiye ɗaya, ko suka ɗauki hotonta a hannun wata tsohuwa da ba ta iya karanta adadin kuɗi sai ta wannan rubutu?

A kan titi

Bayan rasuwar Iya da 'yan makonni na fara fita da waya da niyya. Ni ba gwanin hoto ba ne, ban kuma taɓa mallakar babbar kyamara ba. Abin da na koya kaɗan ne, kuma da kuskure na koye shi. Hasken safiya kafin hantsi da na bayan la'asar sun fi nuna jikin abu, rana tsaka kuwa takan wanke komai ya yi fari. Hazon hunturu yana ɓata hoton nesa, amma yana taimakon na kusa. Idan abu ƙarami ne, nakan ajiye ashana ko tafin hannuna kusa da shi don a gane girmansa. Nakan ɗauki abu sau uku: shi kaɗai, sannan a inda yake zama, sannan a hannun mai aiki da shi. Na ukun nan ya fi wuya, kuma ya fi amfani.

Na fara da Kasuwar Kurmi, wajen masu ƙorai da ludaya da faya-faye, na bi ta 'yan tukwane, na leƙa maƙera. Daga nan na fahimci cewa kasuwa tana nuna abu ne kafin ya fara rayuwa. Sai na koma lunguna, ina ɗaukar teburin mai shayi da gwangwanayensa, da butocin da aka jera a ƙofar masallaci, da allunan da aka jingina a bangon makarantar allo, da kaskon mai tsire kafin a hura wuta, da rubutun bayan adaidaita da manyan motoci, wanda shi kansa wani reshe ne na adabi da ke yawo a kan taya.

A cikin wata na biyu na yi kuskuren da ya sauya mini tafiya. Na hangi wani dattijo mai ga-ruwa ya tsaya da kurarsa a gindin bango, jarkoki goma sha biyu a jere, rana ta haske su ta gefe. Na ɗaga waya daga nesa na ɗauka, ban ce masa komai ba. Ashe ya gan ni. Ya yafito ni da hannu, na je na durƙusa na gaishe shi. Ya ce, "Yaro, a gidanku haka ake shiga wa mutane ba sallama?" Na ce, "Baba, ka yi haƙuri, kurar nake ɗauka, ba kai ba." Ya ce, "Kurar ta tura kanta ne ta zo nan? Kai za ka tafi da wahalata a aljihunka, ka nuna wa waɗanda ban sani ba, ni kuwa ko sunanka ban ji ba." Ban sami abin cewa ba. Na goge hoton a gabansa. Bai ƙara ce mini komai ba, ya kama kurarsa ya wuce.

Na yi kwanaki ban fita ba. A kundin bincike mukan rubuta cewa mun nemi izinin waɗanda muka yi hira da su, amma ban taɓa tunanin ƙa'idar ta shafi waya a kan titi ba. Dattijon nan ya ba ta sunan da ya fi dacewa da ita, wato sallama. Ga kuma wasu dalilai da ke sa mutane ɗari-ɗari da kyamara a Kano. Tun bayan hare-haren 20 ga Janairu, 2012, wanda aka gani yana ɗaukar hoton gini ko mahaɗar titi sai an tambaye shi wanda ya aiko shi. Wasu suna tsoron jami'an haraji, wasu suna tsoron a watsa su a intanet a yi musu dariya, wasu kuma ba su yarda da hoton mai rai ba saboda fahimtarsu ta addini. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan dalilai ya isa a girmama shi.

Tun daga ranar na sauya tsari. Sai na yi sallama, na faɗi sunana da unguwarmu da abin da nake karantawa, na zauna an yi hira, wayar tana aljihu. Wasu sukan ƙi, in yi godiya in tashi. Abin da ban zata ba shi ne, zaman nan ya fi hoton riba. Wani mai wankin hula da na yi sati ina zuwa wurinsa, ya jera huluna a rana kowace an kifa ta a kan abin da ke riƙe mata siffa, ya riƙa nuna mini su da yatsa: wannan zanna ce, wannan ƙube, wannan damanga, waccan dara. Ya gaya mini wadda ke son sitaci da wadda sitaci ke kashewa, da yadda yake gane hular kowa ba tare da ya rubuta suna ba. Da daga nesa na ɗauka, da na tafi da hoton huluna masu kyan launi, ba tare da ko kalma ɗaya ba. Hoton da ba a san sunan abin da ke cikinsa ba, bai fi kalmar da ba a san abinta ba.

Akwai kuma ƙofar da sallama ba ta buɗe mini. Namiji baligi ba ya shiga ɗakin matan aure, alhali a can ne mafi yawan kayan da nake nema suke. Ƙanwata ce ta zama idona a cikin gidaje. Takan ɗauko mini hoton madambaci da gwagwa da tanda da maburgi, wanda wasu ke kira maburkaki, tare da abin da masu su suka faɗa. Wannan ya nuna mini cewa 'yan'uwanmu mata manazarta suna riƙe da mabuɗin rabin wannan aiki.

Asara ta biyu

Bayan kusan shekara biyu ina tarawa, wata rana da magariba wasu matasa suka tare ni a wani lungu suka ƙwace wayar. Na gode wa Allah da ba su taɓa lafiyata ba. Amma duk hotunan suna ciki, ban kwafe su a ko'ina ba. Mai wankin hular ya riga ya tashi daga wurin, an gina shaguna. Wasu tsofaffin da ƙanwata ta shiga ɗakunansu sun rasu. Na sake tsayawa a inda na tsaya a ɗakin Iya, wannan karon kuma da sakacina.

Abin da ya tsira shi ne wani ƙaramin littafi da nake rubuta sunayen abubuwa a ciki. Daga nan na ɗauki ƙa'idar da nake bi har yau. Kowane hoto yana da lamba, kuma a gaban lambar nakan rubuta sunan abin kamar yadda mai shi ya faɗa, da unguwa, da kwanan wata, da amfaninsa, da wani sunan da ake kiransa in akwai, da duk wata magana da aka yi a kansa. Duk ƙarshen mako nakan kwafe su a kwamfuta da wani wuri na biyu. Waɗanda suka fi muhimmanci nakan kai a wanke su a takarda, in rubuta bayanin a bayansu da biro, in kuma kai wa mai abin kwafi ɗaya. Wannan na ƙarshe ya buɗe mini ƙofofi fiye da kowace takardar gabatarwa.

Daga baya na ci karo da aikin J. D. 'Okhai Ojeikere, mai ɗaukar hoto ɗan Nijeriya da ya rasu a 2014. Tun daga 1968 ya duƙufa yana ɗaukar hoton kitson mata, har ya tara kusan dubu, yana kuma kula da sunayen kitson. A lokacin da ya fara, kitso abu ne da kowa ke gani kullum. Yau aikinsa taska ce da ake baje kolinta a manyan gidajen tarihi na duniya. Na tambayi kaina, ina namu na doka da sauran kitson matan Hausa, kowanne da sunansa da garin da aka san shi da shi?

Iyakar hoto

Ba na so in kai hoto inda bai kai ba. Ba ya riƙe ƙanshin ruwan randa, ba ya riƙe ƙarar taɓarya a turmi, ba ya riƙe nauyin akushi. Yana kuma iya yin ƙarya. Bangon da ya tsage da yaro marar takalmi suna yin kyau a hoto in haske ya dace, alhali mai gidan ba kyau yake gani ba, damina yake tsoro. Duk hoton da na ga ya fi nuna gwanintata a kan abin da na je ɗauka, nakan ajiye shi gefe.

Akwai kuma tarkon begen da, wanda mu masu nazarin al'ada muka fi kowa faɗawa ciki. Da farko nakan kawar da butar roba in ɗauki shantali, kamar dai robar ba ta cikin al'adar Bahaushe. Sai na tuna cewa Iya da kanta ta fi son butar roba, domin ba ta da nauyi a hannun tsohuwa. Lemar mai POS a bakin titi, da teburin mai cajin waya, da fitila mai aiki da hasken rana, da ledar ruwan sanyi, su ne tasoshi da aci-balbal na jikokinmu. Za su shuɗe kamar yadda acaɓa ta shuɗe, tare da kalmomin da suka zo da su. Idan na tsaya a kan abin da ya riga ya tsufa, na maimaita kuskuren farko ke nan, wato raina abin da ke gabana yau.

Shi ya sa nake ganin lokaci ya yi da sassan nazarin Hausa za su ɗauki wannan aiki da muhimmanci. Muna da wuraren da ke adana rubuce-rubuce da kayan tarihi, kamar Gidan Arewa a Kaduna da Gidan Makama a Kano. Abin da nake fata ƙarami ne a kan waɗannan. Kowace shekara ɗaruruwan ɗalibai suna fita bincike a garuruwansu, daga Sakkwato zuwa Haɗeja, daga Zariya zuwa Damagaram, kowa da waya a aljihu. Sukan liƙa hotuna biyar ko shida a ratayen kundi, sauran su mutu tare da wayar. Da za a nemi kowane ɗalibi ya miƙa hoto ashirin na kayan yau da kullum, kowanne da sunansa a karin harshen garin da cikakken bayani da izinin mai shi, a tara su a rumbu ɗaya, da cikin 'yan shekaru mun sami abin da masu ƙamus da masu nazarin karin harshe da masu nazarin karin magana za su daɗe suna ɗiba. Ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. Yana buƙatar mai kula da shi da kuma yarda cewa muciya ta cancanci lamba a rumbu kamar yadda tsohon rubutu ya cancanta.

Ragayar Iya tana wurina. Na hau turmi na kwance ta washegarin ranar da gwaggo ta faɗa mini sunanta. Ɗakin kuwa an rushe shi an yi na siminti da silin, babu azarar da za a rataya komai. Bara na kai wa gwaggo ragayar, na roƙe ta ta nuna mini yadda Iya take amfani da ita. Ta sa aka ɗaura ta a reshen darbejiyar tsakar gida, ta ɗauko ƙwarya ta zaunar a ciki, ta rufe da faifai. Na ɗaga waya, sai ta ce in dakata. Na zaci zani za ta sake. Ashe faifan ta gani a karkace, ta miƙa hannu ta daidaita shi, ta ce, "Iya ba ta barinsa haka. To, ɗauka." Shi ne hoto mai lamba ɗaya a sabon littafina, kuma hannun gwaggo yana ciki.